Simintin da Na Hana Nomau

Sanusi jikana ne ya tayar da maganar, kuma shi ya ja wa kansa. Ya zo hutu Tasawa daga makarantar koyon jinya, shi da abokan karatunsa, suka baje a tabarmata suna shan furata suna danna waya. Can sai ya miƙo mini wayar har bakin hanci.

"Kaka, kin ga wanga? Simintin ƙashi ne masu bincike ke haɗawa, mai warkar da kanshi. An zuba mishi 'yan ƙananan ƙwayoyi masu ruwa ciki, ido bai ganin su. In tsaga ta taso sai ta hwasa ƙwayoyin da ke bisa hanyarta, ruwan ya kwarara ya daskare, ya liƙe tsagar. Ba a gama gwaji ba tukuna, amma in ya hito, aikin da kuka sha wuya kanshi yaro ma ya yi shi. Gari da ruwa ne hwa, a kwaɓa a zuba."

Na ce, "Maigida, aje kwanon hurar ga."

Ya yi dariya, ya zaci wasan da muka saba ne. Na ce masa ba wasa nake ba, wanda ya ce aikina gari da ruwa ne ba ya shan furar da na dama sai ya ji yadda aikin yake. Ban ƙi sabon abu ba. In an kawo simintin nan ina da rai, ni zan fara yi masa guɗa, don na ga abin da tsaga ƙarama take yi wa babban mutum. Abin da ya ɓata mini rai shi ne "a kwaɓa a zuba". Don haka na zaunar da su, kuma abin da na faɗa musu shi ne wannan.

Da tsintsiya na shiga aikin asibiti. Lokacin soja ne, mijina ya rasu, aka samo mini shara a babban asibitin birni, inda ake tura mutanen Tasawa da Mayahi in abu ya fi ƙarfin ɗakin shan magani. Daga shara aka mayar da ni wankin kayan fiɗa. A nan na haɗu da Baba Isufu, wani tsoho marar fara'a wanda shi ke miƙa wa likita kaya a ɗakin fiɗa, shi ke kwaɓa siminti in an zo sa wa mutum ƙarfe a kwatangwalo. Ya lura ba na barin jini a haƙoran almakashi, sai wata rana ya ce, "Ke Mairi, kin iya dama hura?" Na ce wace mace ce ba ta iya ba. Ya ce, "Da yawa. Zo ki tsaya nan, kada ki taɓa komi."

Na daɗe a tsaye ban taɓa komai ba, har na fara zargin tsohon nan so yake kawai ya sami wanda zai yi wa tsawa. Siminti ba ya da araha ballantana a ba ɗan koyo ya yi wasa da shi. Daga waje ake kawo shi, ƙunshi-ƙunshi, kowane ƙunshi na mutum guda ne. A ciki akwai farin gari mai laushi a leda, da 'yar kwalba mai dogon wuya wadda ba ta da murfi, sai an karya wuyan. Ruwan da ke cikinta warinsa na hawa kai, ranar farko sai da na fita na yi amai. Kayan aikin mai kwaɓi ba su da yawa: kwanon ƙarfe, cokali mai faɗin baki, safar hannu biyu-biyu don ruwan na cin roba, sai tafin hannunsa.

Baba Isufu sunan abinci ya ba kowane mataki, don ya san da haka zan gane. Da an zuba ruwa a gari, kunu ne. In ya fara kauri yana bin yatsa da zare, talge ne, kuma talge ba a ba likita. In ka taɓa ya daina bin safa, ya mulmulu a hannu yana lanƙwasa ba ya karyewa, dawo ne. Dawo kaɗai ake turawa cikin ramin ɓargo, a bi shi da jelar ƙarfen, a danne. Bayan dawo sai ya ɗau zafi, daga nan ya zama dutse. Tsakanin dawo da dutse babu nisa, kuma nisan ba guda ba ne kullum. Da sanyi yakan jira ka. Da bazara ba ya jiran kowa. Akwai agogo a bango, ana dubawa, amma agogo bai san zafin ɗakin ba. Shi ya sa dokar ɗakin ta kasance haka tun kafin in zo: likita ke da wuƙa, amma mai kwaɓi ke cewa "yanzu". In bai ce ba, ba a sawa.

Aikina na farko da hannuna wata tsohuwa ce daga Kona, ta zame a bakin murhu kan ƙashin cinyarta ya tsinke. Irin wannan karaya masu ɗori ba sa iya mata, ba don ba su iya aikinsu ba, sai don wurin ba ya haɗewa ko an ɗaure shi shekara. Na karya kwalba, na zuba, na kama juyawa da sauri kamar mai kaɗa miyar kuka. Baba Isufu ya kama gwiwar hannuna ta baya ya matse. "Sannu-sannu. Iska kike sa mishi." Daga baya ya fasa mini wani tsohon guntu da guduma ya nuna mini 'yan ramuka a ciki. Ya ce kowane ramin iska ɗaki ne da tsaga za ta kwana kafin ta kama hanya. Haka in aka bar jini ya shiga tsakanin ninki da ninki, haka in aka motsa ƙarfe siminti na cikin kamawa. Siminti ba manne ƙashi yake yi ba, cike tsakani yake, ya rarraba nauyin mutum. Duk takun da mutum zai yi a kansa yake sauka. Tsagar da za ta kwantar da mutum bayan shekaru, sau da yawa a kwanon mai kwaɓi aka haife ta.

Akwai wata al'ada da ya koya mini. In an tura siminti, mai kwaɓi yakan rage ɗan guntu ya riƙe a tafin hannu. Abin da guntun ke yi a hannu, shi na cikin ƙashi ke yi. In ya yi zafi ka ce kowa ya tsaya cik. In ka buga shi a gefen kwano ya yi ƙara, ka ce likita ya saki. Muna kiransa ɗan shaida. In an gama a jefa shi cikin shara.

Mutanenmu kuwa sai wanda ya gani. Wani Alhaji mai shago daga Bawdeta da ya ji an ce ana jiran siminti kafin a yi wa mahaifinsa aiki, ya ja ni gefe ya ce, "Hajiya, in dai siminti ne, buhu nawa kuke so? Ina da shi a shago, mai kyau, bai sha ruwa ba." 'Ya'yan tsohuwar Kona kuma ba su bar bakin ƙofa ba sai da na naɗe musu kan ƙashin da aka cire a farin ƙyalle, suka tafi da shi suka rufe a gida. Ban taɓa yi wa irin wannan dariya ba. Jikin uwarsu ne.

To, Nomau. Mutumin Isawan ne, can arewacin Mayahi, inda rijiya ke da zurfin da in ka leƙa ba ka ganin ruwa sai duhu. Sana'arsa yasar rijiya. A ɗaura masa igiya a ƙugu a zura shi, ya haƙo yashi da laka yana cika guga ana ja, har idon ruwa ya buɗe. Wata rana igiya ta kuɓuce wa masu riƙo yana dab da ƙasa, ya faɗi a kan kwatangwalo. Ya yi watanni a tabarma kafin matarsa Hassu ta sa a kawo shi. Lokacin Baba Isufu ya tsufa ya koma gida, kwano ya zama nawa. Aikin Nomau ya yi kyau, ba yabon kai ba. Lokacin sanyi ne, simintin ya fito daga firigo, akwatin sanyin da muke ajiye shi, ya ba ni dawo mai laushi, ya jira har likita ya gyara zaman ƙarfen yadda yake so.

Da ya fara takawa sai ya kira ni bakin gado. Mutum ne mai son ya ga abu da idonsa, wanda ya saba taɓa bangon rijiya kafin ya yarda da shi.

"Malama, an ce an sa mini ƙarhe da siminti. Ƙarhe na sani. Simintin ga, ina son in gan shi."

Na je na tono ɗan shaidarsa, don ranar a aljihun riga na mance shi ban jefar ba. Na sa masa a hannu. Ya juya shi, ya gwada shi da haƙori, ya buga shi a ƙarfen gado.

"Wanga shi ne a jikina?"

Na ce, "Ɗan'uwanshi ne. Kwano guda suka hito, lokaci guda suka kama."

Na kuma faɗa masa abin da muke faɗa wa kowa: ban da tsuguno mai zurfi, ban da kaya mai nauyi, salla a zaune bisa kujera ko turmi, rijiya kuwa ya yi mata sallama. In ya ji ciwo a cinya ko a matsematsi ya dawo. Ya ce to. Ya roƙi guntun, na bar masa. Wasu daga baya sun ce da ban ba shi ba da ba a yi haka ba. Ni ban karɓi wannan magana ba. Mutum ya tambaye ni abin da ke jikinsa na nuna masa, kuma abin da na faɗa gaskiya ne.

Sai muguwar shekara ta zo. Damina ta yi ƙarya, gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe a tsaye. Aka rufe iyakar kudu, kananzir ya ɓace, firigonmu mai aiki da shi ya mutu. Kayan da ake kawo mana daga waje suka daina zuwa. Mutanen ƙauye suka yi ta kwararowa birni, soja suka sa shinge a hanyoyi suna mayar da su, wai a zauna a gida za a kai hatsi. Siminti ƙunshi guda ya rage mana. Na sa shi a leda na ɗaure, na binne a jiƙaƙƙen yashi ƙarƙashin randa a ɗakin wanki, kullum ina yayyafa masa daga ruwan alwalata.

Da bazara ta kankama, wata safiya aka ce wata mata na nemana a ƙofa. Na fita na ga Hassu, ta rame har sai da ta yi magana na gane ta. Ƙafafunta sun farfashe. Na duba bayanta ban ga Nomau ba.

"Ina mai gidan naki?"

"Yana gida. Shi ya aiko ni." Ta kwance bakin zane ta fiddo wata laya ta jar fata, an farke ɗinkinta ta gefe. Ta zazzage mini ɗan shaida a hannu. "Ya ce ki duba mishi. Mu mun duba ba mu ga komi ba, amma ya ce ku kuna da na'ura. In lahiya lau yake, to ciwon sanyi ne, shi ci gaba da aiki."

Na juya guntun a hannuna, na sa ta faɗa mini yadda aka yi. Ashe da ya koma gida ya kai wa baduku ya ɗinke shi, ya rataya a ƙugu daidai wurin aikin. Da rijiyoyin Isawan suka fara ƙafewa, dabbobi na faɗuwa a bakin kwamin shan ruwa, mutanen gari suka zo ƙofarsa, don babu wanda ya san cikin rijiyoyin nan kamarsa. Ya farke layar ya duba, ya ga guntun garau, ya ce a kawo igiya. Ciwo ya fara, ya sake dubawa, babu tsaga, ya sake sauka. A hankalinsa tunda kwano guda suka fito, abin da ya sami ɗaya zai nuna a jikin ɗayan. Kuma Nomau ba wawa ba ne. Haka yake gwada rijiya: ya ɗebo laka daga ƙasa ya duba a sama, ya san halin da ƙasan ke ciki. Abin da bai lissafa ba shi ne, na cikin laya a rataye yake yana hutawa, na cikin cinya kuwa shi ke ɗauke da shi da gugan laka.

Na ce, "Hassu, yana iya taka ƙahwar?"

"Da sahe sai an tashe shi. In ya ɗan yi tahiya sai ta saki. Cikin rijiya ya ce bai jin ta."

Raina ya ɓaci ƙwarai, ban san da wa nake fushin ba. Na shiga na sami likita, na ce ƙarfen Nomau ya saki, kuma ina da ƙunshi guda. Likitan nan mutumin kirki ne, dogo, marar yawan magana, shi kaɗai ya rage mana a shekarar. Ya ce in na iya kawo shi zai buɗe ya gani, amma in sani zafin bazarar nan ba na aikin siminti ba ne. Na ce wannan nawa ne. Na kuma faɗa wa Hassu da bakina cewa akwai siminti, za a sake wa mijinta sabo.

Motar hatsin taimako na bi zuwa Mayahi, ni da Hassu a kan buhuna, daga can muka sami amalanken jaki. Mun isa Isawan rana ta take, aka ce Nomau yana cikin rijiyar gabas. Na tarar da maza na jan igiya, mata zaune da tuluna a layi. Da ya leƙo daga rijiyar na ga fuskarsa ta yi fari da laka. Aka zaunar da shi a bakin rijiya, ƙafar dama ta juya waje da kanta kamar ba tasa ba.

"Malama! Ke da kanki? Kin duba shi?"

Na ɗora ɗan shaidar a kan dutsen bakin rijiya, na karɓi gatari daga hannun wani, na juya ƙeyarsa na sauke masa. Ya tarwatse. Hassu ta ƙwalla ƙara ta dafe kai, Nomau ya cafke kwatangwalonsa da hannu biyu ya runtse ido yana jiran abin da zai ji.

Na ce, "Ka ji wani abu?"

Ya buɗe ido ya ce, "A'a."

"To haka shi ma bai taɓa jin naka ba. Tashi mu tahi."

Wani dattijo ya ce, "Yarinya, in kin tahi da shi wa za ya sauka muna?" Na ce masa ban sani ba, Baba, amma in kun ƙara zura shi sau ɗaya ko biyu, a cikin rijiyar za ku bar shi, ku rasa shi ku rasa ruwan. Ba wanda ya sa mini albarka a garin nan ranar.

A shingen shiga birni wani soja matashi ya tare amalanken, ya ce umarni ne, ba a shiga da mutanen ƙauye. Na sauko sanye da farar rigata ta aiki, na ɗage zanen da ke kan ƙafar Nomau. Na ce, "Ɗana, wanga ba bara ya zo ba, ɗakin hiɗa za shi. In ka hana, to ɗauke shi ka kai shi gidanku ka yi jinya, ni na gaji." Ya dube ni, ya dubi ƙafar, ya ɗaga sandar shingen.

Ranar aikin mun shiga da sassafe don mu riga zafi. Na jiƙa buhunan algarara na rataya a tagogi, na sa kwano da cokali cikin ruwan randa. Da likita ya buɗe, ƙarfen da yatsu biyu ya zaro shi. Simintin da na kwaɓa da hannuna, wanda na yi alfahari da shi, ya tsage daga sama har ƙasa, ya rabu gida-gida. Tsagar ta fara ƙarama, ta yi ta ci, garin da take zubarwa ya cinye ƙashin da ke kewaye. Ga yunwa ta yi nata. Bangon ƙashin cinyar Nomau ya koma sirara har haske na ratsa shi. A nan ne, Sanusi, simintinka zai yi rana. Da akwai abin da zai kama tsagar nan tun tana kamar silin gashin kai, da ba mu kai ga haka ba, kuma ba na jin kunyar faɗa.

Fitar da tsohon siminti daga irin wannan ƙashi aiki ne na lallaɓawa, guntu-guntu, da 'yar kurfin sassaƙa da haƙuri. Kafin likita ya gama rana ta hau, buhunan taga sun bushe, gumi na zuba cikin idanunmu. Ya ɗago ya ce, "Mairi, bisimilla."

Na karya wuyan kwalba. Tun daga zubawa na ga ruwan ya ɗan yi nauyi, ba kamar yadda na san shi ba. Watannin da ya yi ƙarƙashin randa ba su kai firigo ba. Na juya a hankali. Kunu ya zo daidai. Talge ya zo da wuri, na ce a raina ba komai. Na kwashe shi na fara mulmulawa ina jiran ya saki safa. Yana sakin safa na lanƙwasa shi, sai bakinsa ya tsage maimakon ya miƙe. Na ji ɗumi na tasowa a tsakiyar tafin hannuna. Dawon bai tsaya ba, wucewa ya yi.

Likita ya miƙo hannu. "Kawo."

Na dunƙule hannuna na ja baya.

"Mairi, kawo! Shi ke nan gare mu!"

Na ce, "Ya wuce. Ba ni badawa."

Na san abin da yake gani, ni ma shi nake gani: ƙunshi na ƙarshe, mutum a buɗe, mata a bakin ƙofa da alkawarin da na yi mata. Amma na san abin da zai faru in an tura shi a haka. Ba zai shiga lungunan ƙashi ba, ƙarfen zai tsaya rabin hanya, likita ya sa guduma, ƙashin da haske ke ratsawa ya tsage har gwiwa. A shekarar nan, ba jini a ajiye, ba maganin kirki, wannan yanke ƙafa ne ko likkafani. Likita ya sa yatsa ya danna abin da ke hannuna, yatsan bai shiga ba. Ya janye hannunsa. Na saki dunƙulen cikin kwano, ya yi ƙara.

Abin da ya rage shi aka yi. Aka gyara bakin ƙashin, aka wanke, aka rufe ba ƙarfe ba siminti, cinya ta rataye da nama da jijiya. Mai irin wannan aiki ciwo na barinsa, yana tafiya da sanda, amma ƙafar ta gajarce ke nan har abada, kuma ba shi ba aikin ƙarfi.

Ni na fita na faɗa wa Hassu, ban tura kowa ba. Ta saurare ni har na gama. Ta ce, "Kin hwasa mishi laya gaban mutane. Kin raba gari da ruwa. Kin ce akwai siminti. Yanzu kin ce yana hannunki kika hana."

Na ce, "Haka ne."

"Allah ya isa tsakanina da ke."

Na ji zafin maganar har cikin ƙashina, amma ban ba ta haƙuri ba, don haƙuri na mai laifi ne. Da Nomau ya warke na kai shi wurin mai takalmin taya a kasuwar Tasawa, aka jera masa tafi bisa tafi a takalmin ƙafar dama har ta kusa kamo 'yar'uwarta. Bai zage ni ba, bai kuma gode mini ba. Ya koma Isawan ya kama tufkar igiya, ya zauna a bakin rijiya yana faɗa wa masu sauka inda za su sa ƙafa. Nakan gan su a kasuwar Mayahi jefi-jefi, shi da sandarsa da tulin igiya, ita a gefensa. In na gaishe su shi ya amsa a gajarce, ita ta kau da kai. Haka muka yi ta yi har gashinmu ya yi fari, ban daina gaishe ta ba, ba ta fara amsawa ba.

Na riga na bar aiki na dawo Tasawa lokacin da na ji rasuwarta. 'Ya'yana suka ce me zai kai ni gidan da ba a son ganina. Na ce ba izininsu na nema ba. Na hau mota har Isawan, na shiga wurin mata na yi ta'aziyya, wasu suka amsa wasu suka yi kamar ba su ji ba. Da zan fita na same shi zaune a ƙofar gida bisa turmi, ya tsufa ƙwarai, takalmin tayar nan a ƙafarsa an sake masa tafi ba adadi.

Na durƙusa na ce, "Nomau, ya haƙuri? Allah ya jiƙanta."

"Amin. Malama, ta bar wasiyya kada ki zo."

"Na zo."

Ya jinjina kai. Na san makabartar Isawan na bayan tudun yashi, nesa da gari, sai na tambaye shi wa ya ba shi jaki ya raka ta.

Ya ɗago ya dube ni sosai, karo na farko tun ranar bakin rijiya.

"Ba wanda ya ɗauke ni," in ji shi. "Na ba wani sandata ya riƙe mini. Ni na kama gaban makara."